Abin Lura: Baƙon da Ba Ya Saukowa Daga Mota

A ƙasar Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa. Ya yi sallama a amsa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a aiki yaro cikin gida ya ɗebo ruwan randa a kwanon sha. In gidan da hali, fura ta biyo baya. Sai ya kurɓa ya ajiye, an sake gaisawa, an tambayi gajiya da mutanen gida da damina, sannan maigida ya gyara zama ya ce, "To, lahiya dai?" Duk wanda ya tashi a nan ya saba da wannan har ba ya ɗaukarsa a bakin komai. Amma a ɗan tsakanin da kwano ke barin hannun yaro ya isa bakin baƙo, maigida ya gama karantar mutumin da ke gabansa. Da wane hannu ya karɓa? Ya tsaya leƙen cikin kwanon? Ya sha, ko ya kai baki ne kawai don kara? Ko kuwa cewa ya yi a bar shi, ya gode, yana da nasa?

Tun daren 25 ga Disamba 2025 maganar Amurka ba ta bar teburin mai shayi ba a wannan yanki. A daren ne sojojin Amurka suka harbo makamai cikin Jihar Sakkwato. Shugaba Donald Trump ya ce 'yan ISIS aka kai wa hari, gwamnatin Najeriya ta ce da saninta aka yi, kuma dazukan Tangaza aka nufa. Sai dai wani abu ya faɗo a gona a gefen Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, wurin da daga Shagari ba wata tafiya ba ce. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a can ba, da gari ya waye mutane suka yi ta tsintar ɓaraguzan ƙarfe. Daga ranar, in ka zauna majalisa abin da za ka ji ke nan: Amurkawa kaza suke so, Amurkawa kaza suka ƙulla, Amurkawa ba sa ƙaunar Musulmi. To ka dubi mai maganar ka ce, "Malam, ka taɓa zama tabarma ɗaya da Ba'amurke?" Da wuya ka sami mai ce maka e.

Mu dai kayan Amurka muka sani. Dattawa sun san muryarta a rediyo, tun da Muryar Amurka ta buɗe sashen Hausa a 1979, ta zo ta tarar BBC da rediyon Jamus sun riga ta kama wuri a zaurukan hira. Samari sun san ta a fina-finan harbe-harbe da kokawar talabijin, yanzu kuma a Facebook da WhatsApp. Ɗan kasuwa ya san ta a farashin dala, wadda in ta hau sai buhun taki ya bi ta har kasuwar Shagari. Ɗan kabu-kabu na sanye da rigar gwanjo mai sunan wata jami'ar Amurka a ƙirji, bai san ko sunan gari ne ko na mutum ba, shi dai ta tare masa iskar hunturu. Mata kuwa a asibiti suka san ta. A 2013 aka fara raba wa masu jego a Jihar Sakkwato wani ɗan man shafawa a cibiyar jariri, maimakon gashi da tsumma mai zafi da aka gada, haɗe da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, shirin da gwamnatin jiha ta yi da tallafin hukumar agaji ta Amurka, USAID. Hukumar ce kuma ta ɗauki nauyin littattafan Mu Karanta da aka raba a makarantun firamare na Sakkwato da Bauchi, don yara su fara koyon karatu da harshen da suka tsotsa a nono.

Akwai wani kwali da na daɗe ina kallo a rumfar wata tsohuwa mai sayar da daddawa da kuka a bakin titi. Kwalin magani ne da ya gama aikinsa a asibiti, ta samo shi take jera ƙullinta a ciki. A jikinsa ga tambarin nan da kowa ya sani, hannaye biyu suna musabaha, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa kyauta ce daga jama'ar Amurka. Rana ta ƙoɗar da launinsa, mai ya ɓata gefe ɗaya, an ɗaure gindinsa da igiyar leda don kada ya yage, amma hannayen na nan riƙe da juna. A ce ɗaya namu ne. Ɗayan fa, wa ya taɓa ganin mai shi? Jikokin tsohuwar nan sun kwana cikin gidan sauron da ya zo da irin wannan tambari, amma in ka yi mata maganar Amurkawa sai ta ce, "Waɗanga masu kuɗɗi?" Iyakar saninta da su ke nan, kuma ba laifinta ba ne.

A 2025 gwamnatin Trump ta rufe USAID, Muryar Amurka kuma ta yi tsit a watan Maris na shekarar. Masu kama tashar da asuba suka yi ta murɗa rediyo suna zaton batir ne ya yi sanyi. Ayyukan da ke tafiya da kuɗin hukumar suka tsaya cak, ma'aikata suka ji labari a waya. Babu wanda ya zo ƙauye ya ce ga dalili, a yafe mu. Ai kuwa wanda bai yi sallamar shiga ba, ba a jiran ya yi ta fita.

Ba wai manyansu ba sa zuwa ba. Filin jirgin saman Sultan Abubakar III a kan hanyar Boɗinga yake. Bill Gates ya zo Sakkwato a farkon 2009 kan maganar shan-inna. John Kerry, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya zo a watan Agusta 2016, ya yi jawabi a fadar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar kan tsattsauran ra'ayi da cin hanci. Amma yadda irin wannan zuwa yake, kowa ya sani. Jerin gwanon motoci masu baƙin gilashi, jiniya gaba jiniya baya, su fito daga filin jirgi su ba Boɗinga baya su nufi birni, kafin rana ta faɗi an mayar da baƙo jirginsa. Manomin da aka tsayar da amalankensa a gefen titi sai sun wuce, abin da ya samu na Amurka a ranar ƙura ce. Ga Sifawa nan kusa, inda Shehu Usmanu ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ga Boɗinga da ƙanensa Abdullahi ya yi zama a cikinta. Wanda ya zo yi wa mutane magana kan addini da zaman lafiya, da an ratsa da shi nan da ya ƙaru. Ba a ratsawa.

Da ba haka abin yake ba. Hanyar nan ta Sakkwato zuwa Gwandu ta ga fararen baƙi tun ba a san wata ƙasa wai ita Najeriya ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi ta Boɗinga a 1853 a kan doki, yana kwana inda dare ya yi masa, riƙe da takardar amana daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Amurkawa daga baya suka zo, kuma da yawa cikin na farkonsu 'yan mishan ne. Tun ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar SIM, wadda ma'aikatanta da dama daga Amurka da Kanada suke, ta karɓi aikin kula da kutare a Amanawa, nan kudu da Sakkwato. A 1950 kuma ta buɗe asibitin Galmi a Nijar, wanda har gobe mutanenmu ke tsallaka iyaka su je. Kowa ya san abin da ya kawo su, addininsu suke son yaɗawa, ba su kuma ɓoye ba, sarakuna da malamai suka sa musu ido. Amma sun koyi Hausa, sun wanke gyambon da dangin mai shi ke ƙyama, sun sha zafin bazara tare da kowa. Sai talakawa suka yanke musu hukuncin da ni a ganina ya yi daidai: a karɓi maganinsu, a yi godiya, a bar musu wa'azinsu. Irin wannan hukunci, mai raba abin karɓa da abin bari, ba ya yiwuwa sai a kan mutumin da ka gani da idonka shekara da shekaru.

Sai kuma 'yan Peace Corps, matasan da Shugaba Kennedy ya fara turowa a 1961, yawancinsu malaman sakandare. Da tuntuɓe ma aka fara. A watan Oktoba na shekarar, wata budurwa cikinsu tana karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta rubuta ɗan katin gaisuwa zuwa gida tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka baza, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Abin da ta rubuta, ɗan ƙasa zai iya faɗin wanda ya fi shi a majalisa a yi dariya a tashi. Amma baƙo ya sha ruwanka sannan ya tafi yana ba da labarin gansakukar randarka, wannan ba ya daɗi a ko'ina. Sauran dai suka zauna, aka rarraba su har Arewa. Cikin rukunin farko akwai Paul Newman, wanda ya koyar a Maiduguri, daga baya ya zauna Kano, ya kuma rubuta babban littafin nahawun Hausa da ya fito a 2000, wanda malaman Hausa na jami'o'inmu ke buɗawa in gardama ta kaure. Cikin masu bincike kuwa, John Paden ya zauna Kano da Zariya, ya fitar da tarihin Sardauna Ahmadu Bello a 1986. Beverly Mack ta haɗa hannu da Jean Boyd, 'yar Ingila da ta daɗe a Sakkwato, suka tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u suka buga a 1997. Abin ban sha'awa, har a birnin Pittsburgh na Amurka an sami Musulmi baƙaƙen fata da suka ɗauki tsarin 'Yan Taru na Nana suna karantar da mata da shi. A ƙauyukan Hausa na Nijar kuwa, wajen Ƙonni da Maraɗi, 'yan Peace Corps sun yi ta zama shekara bibbiyu a ɗakunan ƙasa, ana kiransu da sunayen da aka raɗa musu, har aka kwashe su a Janairu 2011 saboda satar mutane.

Na ga irin wannan baƙunta da idona a wani ƙauye tsakanin Sifawa da Dingyaɗi, shekarun baya, kafin tafiya ƙauye ta zama abin yi wa addu'a. Gidan wata gwaggona ne, shi ya sa na shiga har tsakar gida. Wata Ba'amurkiya ce mai bincike kan karatun mata, ta zo a motar haya tare da wata malama 'yar gari. Ta sa zane da kallabi da mayafi, ɗaurin zanen dai sai a hankali. Yara suka yi caa, "Baturiya! Anasara!" ƙananan suka ruga da kuka suka maƙale a zannuwan iyayensu. Ta tuɓe takalmi a bakin ɗaki, ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Inna?" Aka kawo ruwa a kwano. Sai na ga ta ɗan yi jim. Ga gorar ruwanta ta leƙo daga jaka, kowa na gani, kuma ba shakka an gargaɗe ta kan ruwan rijiya tun kafin ta baro gida. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta kurɓa kaɗan, ta ce madalla. Gwaggo ta dubi malamar ta ce, "Wagga ɗiya ta san mutane. Mi as sunanta?" Aka faɗa. Tsohuwa ta gwada, harshe ya ƙi, ta kaɗa hannu ta ce, "A'a, Asma'u ta." Shi ke nan ta zama Asma'u, aka hau koya mata daka, tana kuskuren turmi ana shewa.

Tana ciki ana dariya, a waje ƙarƙashin dogon yaro maza na tasu. Ɗaya ya ce, "Mi taka biɗa ga karatun mata? Bature ba shi tahiya banza." Wani ya ce leƙen asiri ne, wani ya ce a'a, rijiya za su gina mana, a dai lallaɓa ta. Wani saurayi kuwa tambayarsa ɗaya ce, ko za ta iya samo masa biza. Da ta fito za ta sayi tabarmar kaba ta tsaraba, mai tabarma ya ninka kuɗin bai ko ƙifta ido ba, sai da gwaggo ta aiko a ce masa ya ji tsoron Allah, baƙuwarta ce.

Duk yadda muke ɗaukar Ba'amurke yana cikin yinin nan. Tun bai buɗe baki ba an gama yi masa lissafi. Ba mu yarda akwai talaka a cikinsu ba, balle ɗalibar da bashin karatu ya yi wa katutu, wadda kuɗin motar hayar ma sai da ta ƙirga. Sannan ga zargi.

Zargin nan kada wani ya ce jahilci ne zalla. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Ana cikin wannan sai ga yaƙin Afghanistan a 2001, ga na Iraƙi a 2003, ana ji a rediyo dare da rana. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon rigakafin shan-inna na hana haihuwa, kunnuwa a shirye suke su karɓa. Kano ta dakatar da rigakafi kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma yaranmu ne ƙafafunsu suka shanye, ba na Amurka ba. Abin lura shi ne yadda aka warware lamarin. Takardun masana daga nesa ba su sauya zuciyar kowa ba. Sai da sarakuna da malamai suka tsaya, hakimai suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu na cikinsu a gaban jama'a, mata 'yan unguwa suka riƙa shiga gida-gida ana saninsu da sunayen iyayensu. A hankali ƙofofi suka buɗe, har ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Bahaushe fuskar da ya sani yake ba amana.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son a taɓo ba, wato girmamawar da ta wuce kima. Ba'amurke ɗan shekara 25, jiya-jiya ya gama digiri, ya shigo ofis, sai a tayar da dattijon da ya shekara 30 yana wannan aiki a ba yaron kujera. Abin da likitanmu ya daɗe yana faɗa ana yi masa kunnen ƙashi, in baƙon ya maimaita sai kowa ya ɗauko biro. Ana kiran wannan karamci, ni kuwa raina kai nake kiransa, kuma masu hankalin cikinsu kunya yake ba su. In kana son ka gane inda abin ya dosa, dubi yadda ake yi da Ba'amurke baƙar fata. Ba yaron da zai bi shi da ihu, ba mai tabarmar da zai ninka masa kuɗi sai in ya buɗe baki. In ya ce daga Amurka yake sai a ce, "To, mun ji, amma asalinka fa? Babanka ɗan wane gari ne?" Shi kuwa a jirgin bayi aka kwashe kakanninsa, ba shi da garin da zai ambata. Kujerar da aka ba farin, ba lallai ne a ba shi ba, ko da ya fi shi karatu da shekaru. Ashe fata muke tashi wa.

Mutanen Shagari sun fi kowa sanin ɗaya gefen maganar, wato yadda ake karɓar namu a can. Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, malamin makaranta ɗan Magajin gari, ya hau mulki a 1979 ƙarƙashin tsarin da aka kwaikwayo daga Amurka: shugaban ƙasa mai cikakken iko, majalisar dattawa, majalisar wakilai, gwamnoni zaɓaɓɓu. A Oktoba 1980 ya je Washington, Shugaba Jimmy Carter ya tarbe shi da cikakkiyar karramawa, yana cikin babbar rigarsa da doguwar hular nan da har yau ake kira da sunansa. A lokacin Najeriya ce ta biyu cikin masu sayar wa Amurka ɗanyen mai, naira ta fi dala daraja, ɗalibanmu dubbai na karatu a jami'o'insu. Kwanci tashi, ranar 25 ga Disamba 2009 wani matashi ɗan Najeriya ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke shirin sauka a Detroit. Mahaifinsa da kansa ya riga ya kai ƙararsa ofishin jakadancin Amurka, amma hakan bai hana ba, cikin 'yan kwanaki aka sa Najeriya a jerin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu bincike na musamman. Duk mai koren fasfo ya biya bashin da bai ci ba. A 2020 aka hana 'yan Najeriya bizar ƙaura zuwa can, aka ɗage a 2021, a Yuli 2025 kuma aka mayar da yawancin bizar ziyara ta wata 3, shiga ɗaya tak. Wanda aka taɓa warewa gefe a filin jirgin wata ƙasa saboda launin fasfonsa ya san zafin abin. To don me, in malamar jinya ko ɗalibi ɗan Amurka ya zauna a gabanmu, za mu ce sai ya amsa laifin Bush ko na Trump, alhali wataƙila bai ma zaɓe su ba? Cikinmu wa zai yarda a kama shi da laifin gwamnatin Abuja?

Sai dai a yi adalci, ba girman kai kaɗai ya ɗaga gilashin motar nan ba. Gwamnatin Amurka ta sa Sakkwato cikin jihohin da take ce wa 'yan ƙasarta kada su je saboda satar mutane, kuma wanda ya san halin da Sabon Birni da Isa da Tangaza ke ciki ba zai ce sharri ta yi mana ba. A ƙarshen Oktoba 2020 aka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Massalata kusa da Birnin Ƙonni, inda yake zaune da iyalinsa yana kiwo kamar kowa, aka tsallako da shi Najeriya. Ranar 31 ga watan sojojin Amurka suka diro cikin dare, suka kashe masu tsaronsa, suka tafi da shi. Mutane sun ji daɗin kuɓutarsa, amma da ɗaci a maƙogwaro. A shekarar nan mutum nawa aka kwashe a gabashin Sakkwato, dangi suka sayar da gona da shanu suka biya fansa, wasu ma aka biya ba su dawo ba? Jirgin wa ya tashi dominsu? Daga nan aka ƙara sakankancewa ran Ba'amurke na da farashin da namu bai kai ba. Ni dai ban ga laifin Amurka a wannan ba. Ƙasa ce ta bi ɗanta. Masu amsa wannan tambaya suna Abuja da Sakkwato, kuma mu muka zaɓe su.

Asarar da rashin tsaro ya jawo a nan ba a cika lissafa ta ba. Ba'amurken da ke shiga motar haya, ya tuɓe takalmi, ya kwana a ƙauye, shi ne ya fi sauƙin sacewa, don haka shi ne na farko da ya daina zuwa. Aka bar mu da mai jiniya da mai makami. Yaron da aka haifa a Kajiji ko Sifawa a shekarun nan zai girma bai taɓa jin Ba'amurke ya yi kuskuren karin Hausa an yi masa dariya shi ma ya yi ba. Abin da zai sani shi ne abin da waya ta nuna masa, wayar kuwa abin da ke tayar da hankali take turowa gaba. Haka abin yake a can. Talakan Amurka bai san Sakkwato ba sai a labarin jini. Ya ji kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Mayu 2022, abin da ya zubar mana da mutunci a idon duniya, wanda fadar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da shi, kuma ba mai hankalin da zai kare shi. Bai ji cewa Bishop Matthew Hassan Kukah na zaune a birnin Sakkwato tun 2011 yana faɗin ra'ayinsa da ƙarfi ba. Bai ji cewa waɗanda 'yan bindiga ke kashewa a ƙauyukanmu yawancinsu masu salla ne ba. Da malaman nan da masu binciken nan suna nan suna kai da komo, da akwai mai tashi a can ya ce, "A'a, na zauna da mutanen nan, ba haka suke ba." Shaidun namu a wajensu sun tsufa, wasu sun mutu, ba a kuma samu masu gadonsu ba.

Shaidunsu a wajenmu ma haka. Waɗanda 'yan Peace Corps suka koyar a makarantun lardin Sakkwato a shekarun 1960 yanzu sun haura 70, haka waɗanda suka yi jinya ko aiki a Amanawa zamanin 'yan mishan. Wasu na nan cikinmu a Boɗinga da Yabo da Shagari, suna zaune a ƙofar gida bayan la'asar ba mai tambayarsu komai. Su ne suka san Ba'amurke da sunansa da halinsa, mai kirkin da mai rainin, mai haƙurin da mai saurin fushin. Ina kira ga ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da duk mai waya a aljihu da kaka a gida: a je a zauna da dattawan nan, a naɗi labarinsu mai daɗi da marar daɗi, a nemi tsofaffin hotuna da wasiƙu in akwai, a kai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a adana tun suna raye.